Martin Luther a Maɓoya

Cikin watan Mayu 1521, bayan da Martin Luther ya ƙi janye koyarwarsa a Worms, Sarki Frederick ya sa mahaya suka ɓoye shi a gidan sarauta na Wartburg, gama ana neman ransa. Wata 10 ya zauna can da baƙon suna. Mun saba jin labarin jaruntakarsa, amma bari mu dube shi nan: barci ya ƙaurace masa, ciwon ciki ya matsa masa, addu'a ma ta yi masa nauyi. Har amininsa Spalatin ya danne waɗansu rubuce-rubucensa, bai kai wa masu bugawa ba. Wannan kuwa ya ci masa rai ƙwarai. Cikin wannan hali ne ya ɗauko Sabon Alkawali na Helenanci, ya juya shi da Jamusanci cikin mako 11.