Willem Einthoven, malamin da ya sa zuciya ta rubuta bugunta a takarda

Ranar 29 ga watan Satumba ta kowace shekara ce Ranar Zuciya ta Duniya, wadda ake jan hankalin jama'a a cikinta kan cututtukan zuciya da na hanyoyin jini. Sai aka yi dace ta faɗo daidai da ranar da wani malamin jami'a ɗan ƙasar Holand, Willem Einthoven, ya rasu a shekarar 1927. Mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fito da takarda mai zane kamar haƙoran zarto, to ya ci moriyar aikin mutumin nan. Gwajin da likitoci ke kira ECG ke nan, kuma Einthoven ne ya mayar da shi abin da za a iya dogara da shi wajen duba maras lafiya.

Maraya daga tsibirin Java

An haifi Einthoven ranar 21 ga watan Mayun 1860 a garin Semarang da ke tsibirin Java, a ƙasar Indunusiya ta yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Holand. Mahaifinsa likita ne, ya kuma rasu yaron yana da shekara shida. A 1870 mahaifiyarsa ta kwashi ƴaƴanta shida ta koma Holand, suka zauna a birnin Utrecht.

A can ya shiga jami'a a 1878 don karatun likita. Da yake gidan ba mai hali ba ne, sai ya karɓi tallafin rundunar soja, bisa sharaɗin in ya gama zai koma Indunusiya ya yi aikin likitan soja. Saurayi ne mai son motsa jiki, har ya taɓa karyewa a wuyan hannu wajen wasa. Zaman jinyar ne ya sa shi nazarin yadda hannu ke juyawa daga gwiwarsa, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin bincikensa na farko. Daga baya ya yi aiki da likitocin ido, ya kammala digirinsa na dakta a 1885 a ƙarƙashin shahararren malami Franciscus Donders.

Yana ɗan shekara 25 kacal aka ba shi kujerar farfesan ilimin aikin sassan jiki a Jami'ar Leiden. Sai da ya biya soja kuɗinsu kafin ya kuɓuta daga alkawarin da ya ɗauka. A 1886 ya auri ƴar kawunsa, suka haifi ƴaƴa huɗu, mata uku da namiji ɗaya. A Leiden ɗin ya zauna yana koyarwa da bincike sama da shekara 40, har ƙarshen rayuwarsa.

Me ke sa zuciya bugawa?

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda zuciya ke aiki. Tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Ɓangaren hagu kuma yana karɓar jinin da ya dawo daga huhu ya harba shi zuwa ko'ina a jiki. Tsakanin ɗakunan da kuma a bakin manyan jijiyoyi akwai ƙofofi huɗu da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai, don kada jini ya koma baya. Rufewar ƙofofin nan ce likita ke ji idan ya ɗora abin saurare a ƙirji.

Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kimanin sau 100,000 ke nan a yini da dare, tana tura jinin da ya kai lita 5 a kowane minti. To amma tsoka ba ta matsewa sai an ba ta umarni, kuma umarnin na lantarki ne. A saman ɗakin dama na sama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke haifar da ƙyastun lantarki da kansa. Ƙyastun yana bazuwa cikin ɗakunan sama, su matse su zuba jini a na ƙasa. Daga nan ya isa wata mahaɗa da ke tsakiya, inda yake ɗan dakatawa kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, domin ɗakunan ƙasa su samu su cika. Sannan ya bi wasu zaruruwa na musamman da sauri, ɗakunan ƙasa su matse gaba ɗaya, jini ya fita. Idan wannan tsari ya rikice, famfon ma ya rikice, ko da tsokar lafiyarta lau.

Da yake jikin mutum cike yake da ruwa mai gishiri, lantarkin zuciya yana ratsawa har zuwa fata. Sai dai kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai: bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, alhali ƙaramin batirin tocila yana ba da bolt ɗaya da rabi. Auna wannan ɗan ƙanƙanin abu, wanda ke sauyawa sau da dama cikin daƙiƙa guda, shi ne matsalar da Einthoven ya ba rayuwarsa.

Abin da ya gani a Basel

Ba shi ne ya fara ɗaukar lantarkin zuciyar mutum ba. Wani malami a asibitin St Mary's da ke Landan, Augustus Waller, shi ya yi haka a 1887. Ya yi amfani da wani siririn bututun gilashi mai zaiba a ciki, wadda ke hawa da sauka idan lantarki ya ratsa ta. Waller yana yawan nuna gwajin da karensa mai suna Jimmy, wanda ake tsoma wa ƙafafu cikin ruwan gishiri. A 1889 Einthoven ya halarci wani taron masana a birnin Basel, ya ga gwajin da idonsa.

Na'urar zaiba tana da nawa, ba ta iya bin saurin zuciya, don haka zanen da take bayarwa a murguɗe yake. Einthoven ya kwashe shekaru yana gyara zanen da lissafi, bugu bayan bugu. A 1895 ya wallafa sakamakonsa: kowane bugun zuciya yana da tudu da kwari guda biyar, waɗanda ya raɗa wa haruffan P, Q, R, S da T. Yau an san P ita ce bazuwar lantarki a ɗakunan sama, Q da R da S bazuwarsa a ɗakunan ƙasa, T kuma komawar ɗakunan ƙasa daidai don shirin bugu na gaba. Da haruffan nan ɗaliban likita ke karatu har gobe, a Jami'ar Abdou Moumouni kamar yadda ake yi a Leiden.

Zaren da aka ja da kibiya

Lissafin yana cin lokaci, ba abin da likita zai tsaya yi ba ne maras lafiya na kwance. Sai Einthoven ya yanke shawarar ƙera na'urar da za ta ba da zane sahihi kai tsaye. Dabararsa ita ce ya ɗaure wani zare siriri tsakanin manyan maganaɗisu biyu masu aiki da lantarki. Idan lantarkin zuciya ya bi ta zaren, sai ya karkata gefe. Fitila na haska shi, madubin ƙara girma na faɗaɗa inuwarsa, inuwar kuma na sauka a kan farantin hoto mai tafiya.

Sirrin yana cikin rashin nauyin zaren. An yi shi da dutsen kwats mai kama da gilashi, aka shafe shi da azurfa don lantarki ya iya bi. Ya fi gashin kai siranta fiye da sau 10. Don a samu irin wannan zare, akan narka dutsen, a liƙa shi a gindin kibiya, a harba ta zuwa ƙarshen ɗaki, narkakken dutsen ya miƙe a bayanta. Wani injiniya Bafaranshe, Clément Ader, ya riga ya ƙera na'ura mai kama da wannan a 1897 don karɓar saƙon tangaraho, kuma Einthoven ya ambaci aikinsa, sai dai tasa ta fi ta Ader jin ƙaramin lantarki nesa ba kusa ba.

Ya fara bayyana na'urar a 1901, ya wallafa zanen zuciya na farko da ita a 1902. Ba ƙaramin kaya ba ce. Nauyinta ya kai kilo 270, ana sanyaya maganaɗisun da ruwa don kada su yi zafi, kuma mutum biyar ke sarrafa ta. Wanda za a gwada yana zama a kujera, ya tsoma hannuwa da ƙafar hagu cikin bokitan ruwan gishiri da aka haɗa da wayoyi.

Waya daga asibiti zuwa ɗakin bincike

Na'urar ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, marasa lafiya masu jin jiki kuma ba su iya zuwa inda take. Sai aka ja waya mai tsawon kilomita ɗaya da rabi daga asibitin jami'a zuwa ɗakin binciken Einthoven. Daga watan Maris na 1905, maras lafiya yana zaune a asibiti da bokitansa, zanen zuciyarsa na fita a can wani gini. A 1906 Einthoven ya wallafa abin da ya tara ta wannan hanya: zanen zuciyar da ɗakunanta suka yi kauri, da wadda ke tsallen bugu, da wadda saƙon lantarki ya katse tsakanin samanta da ƙasanta. Aika zanen zuciya daga ƙaramin asibiti zuwa ga ƙwararren da ke nesa, wanda yau ake yi ta wayar salula, a nan ya samo asali.

Ya kuma kafa ƙa'idojin da suka sa likitoci a ƙasashe daban-daban za su iya kwatanta sakamakonsu. Ya tsayar da hanyoyi uku na aunawa: tsakanin hannun dama da na hagu, tsakanin hannun dama da ƙafar hagu, da tsakanin hannun hagu da ƙafar hagu. Wurare ukun sun zama kusurwoyin alwatika da zuciya a tsakiya, abin da ake kira alwatikar Einthoven. Da ita ake gane inda lantarkin zuciya ya fi fuskanta. Masana da suka zo bayansa sun ƙara wasu hanyoyin har suka kai 12 da ake amfani da su yanzu, amma ukun farko nasa ne.

Duk da haka ba kowa ya yarda abin zai yi amfani ba. Shi kansa Waller yana ganin da wuya gwajin ya samu gurbi sosai a asibitoci. Einthoven kuwa mutumin ɗakin bincike ne, ba mai zagayen gadajen marasa lafiya ba. Wanda ya cike giɓin shi ne wani matashin likita a Landan, Thomas Lewis, wanda ya ziyarce shi a Leiden a 1909, ya samu irin na'urar, ya shiga bayyana nau'o'in rikicewar bugun zuciya ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni a Jamus da Ingila suka fara ƙera ƙananan samfura. Zuwa 1920 wani likita a New York, Harold Pardee, ya nuna alamar da toshewar jijiyar zuciya ke bari a zanen, alamar da har yau ake nema da gaggawa idan an kawo mai ciwon ƙirji.

Kyautar Nobel da rabon da ya yi

Yana rangadin gabatar da laccoci a Amurka a 1924 labari ya iske shi cewa an ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda zanen lantarkin zuciya ke aiki. A jawabinsa na karɓar kyautar ya yaba wa sauran masu bincike, musamman Lewis, wanda yake ganin ba don shi ba da aikin bai kai inda ya kai ba.

Ya kuma tuna da wani tsohon ma'aikacinsa, Van de Woerd, wanda ya taimaka wajen haɗa na'urar. Da ya neme shi don su raba kuɗin kyautar sai ya tarar ya rasu, ya bar ƴan'uwa mata biyu cikin talauci. Einthoven ya ba su rabin kuɗin.

A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki da ɗansa, wanda injiniya ne, suka gyara na'urar zaren har ta iya karɓar saƙon rediyo daga Java, tsibirin da aka haife shi. Ya rasu a Leiden yana da shekara 67 bayan doguwar jinya, aka binne shi a garin Oegstgeest da ke kusa.

Abin da takardar ke faɗa da wanda ba ta faɗa

Na'urar da mutum biyar ke sarrafawa ta koma abin da ma'aikacin jinya ɗaya ke ɗauka da hannu, gwajin kuma ba ya wuce ƴan mintoci. Ba ya da zafi, kuma na'urar ba ta sa wa mutum lantarki, wanda jikinsa ke fitarwa kawai take aunawa. Tana nuna ko bugun ya yi sauri ko jinkiri ko ya rikice, ko wani sashe na tsokar ya rasa jini, ko kuma hawan jini na shekaru ya sa bangon zuciya ya yi kauri.

Sai dai umarnin lantarki take karantawa, ba ƙarfin famfon ba. Mutum na iya samun zane mai kyau alhali wata ƙofar zuciyarsa na yoyo. Shi ya sa likita ke haɗa ta da sauraren ƙirji, awon jini, da hoton zuciya idan akwai buƙata. Wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko numfashi na yanke masa, ko zuciyarsa na faɗuwa ba dalili, ko ya suma, bai kamata ya zauna gida yana jiran abin ya wuce ba. Idan jijiyar zuciya ce ta toshe, kowace awa da ta wuce tsoka ce ke mutuwa, kuma takardar Einthoven na cikin abubuwan farko da za su nuna wa likita haka.