Zakariyya Al-Ƙazwini: Alƙalin Da Ya Siffanta Halittun Ban Al'ajabi

An haifi Zakariyya ɗan Muhammadu Al-Ƙazwini wajen shekarar 1203 a garin Ƙazwin na ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Ya yi yawon neman ilimi har Dimashƙa, daga baya ya yi alƙalanci a garuruwan Wasiɗ da Hilla cikin Iraƙi. A zamaninsa ne Mongol suka ci Bagadaza a 1258.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Aja'ibul Makhluƙat. A ciki ya bi halittu daki-daki, tun daga taurari da mala'iku har duwatsu da ƙwari. Ya kuma siffanta waɗanda sai dai a ji labarinsu: Nasnas mai rabin kai, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, da mutane masu kan kare, da ƙatuwar tsuntsuwar nan Anƙa. Daga wannan bayani ne masu zane suka harhaɗa musu gaɓoɓi a takarda. Kwafen da aka rubuta a Wasiɗ a 1280, cike da zane-zane, yana ajiye a birnin Munik na Jamus.

Ya rasu a 1283. To, Dodon tatsuniyoyinmu fa, wa zai tattara siffofinsa daga bakin kakanni kafin su ƙare? Wannan aiki yana jiran ɗaliban Hausa.