GROVE KARL GILBERT: MUTUMIN DA YA KARANTA TARIHIN GIRGIZAR ƘASA A GINDIN DUTSE

An haifi Grove Karl Gilbert ranar 6 ga Mayu, 1843, a garin Rochester ta jihar Niyok a Amurka. Ya gama jami'ar garinsu a 1862, ya ɗan taɓa aikin malanta, amma riƙon aji ya gagare shi, ya bari. Daga nan ya shiga aikin jera duwatsu da ƙasusuwan dabbobin dā a wani shagon kayan kimiyya. Nan ne idonsa ya waye da duwatsu. A 1871 ya bi ayarin masu auna ƙasa zuwa yammacin Amurka, kuma da aka kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta ƙasar a 1879, yana cikin ma'aikatanta na farko.

A jihar Yuta ya yi shekaru yana bin sawun wani ƙaton tafki da ya ƙafe tun zamanin dā, wanda ya sa wa suna Bonneville. Yana cikin wannan aiki sai ya lura da wani abu a gindin duwatsun Wasatch. Inda ruwa ya zubo da yashi da tsakuwa ya shimfiɗa su sumul, sai ga wata gaɓa kamar dakali ta yanke shimfiɗar, gefen dutse a sama, gefen kwari a ƙasa. Ruwa ba ya yin irin wannan yanka. Kuma tun da gaɓar ta ratsa yashin da tafkin ya bari, ashe ta zo ne bayan tafkin.

A 1883 ya je kwarin Owens a Kaliforniya, inda girgizar ƙasa ta 1872 ta rushe gidajen laka na garin Lone Pine, ta kashe mutum 27. Can ya ga sabuwar gaɓa, wadda mutanen da suka ga fitowarta suna nan da ransu, kuma kamarta ɗaya da na Wasatch. Sai ya gane cewa duwatsun nan ba a hankali suke ɗagowa ba, zabura suke yi, kowace zabura kuwa girgizar ƙasa ce da ke barin tabonta. Duk wanda ya taɓa jan akwatin ƙarfe mai nauyi a kan siminti ya san abin: kana ja yana tirjewa, can sai ya fizgo gaba ɗaya.

A wannan shekara ce 'yarsa ƙarama ta rasu, rashin da ya daɗe yana cin ransa. Duk da haka a watan Satumba ya rubuta wa mutanen Salt Lake City gargaɗi a jaridar garinsu. Ya nuna musu cewa shirun da tsagar ƙasar ta yi kusa da su ba alamar lafiya ba ne, ƙarfi ne ke taruwa, kuma ranar da ta motsa gidajen bulo da na laka za su zube. Bai faɗi rana ko shekara ba. Ya ma yi hasashen cewa mutanen ba za su yi komai a kai ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Abin mamaki, duk wannan ilimi, bai taɓa jin babbar girgiza a jikinsa ba sai ranar 18 ga Afrilu, 1906, da asuba, yana kwance a Berkeley, lokacin da San Faransisko ta girgiza. Aka sa shi cikin kwamitin bincike, ya bi tsagar San Andreas a arewacin birnin yana awo yana ɗaukar hoto. A yankin Olema an tarar da hanyar da ta rabu biyu, ɓarinta ɗaya ya goce da kusan mita 6. Shi ma yakan yi kuskure. A 1891 ya duba wani babban rami a Arizona ya ce tururi ne ya fasa ƙasa, alhali dutse ne ya faɗo daga sama.

Ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1918, a Jackson ta jihar Michigan, saura kwana biyar ya cika shekara 75.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 masana suka soma haƙa dogayen ramuka a kan gaɓoɓin Wasatch. A bangon ramin sukan ga shimfiɗun ƙasa da suka karye, da ɓaraguzan da suka zubo daga gaɓar bayan kowace girgiza, sai su auna shekarun gawayin da ke binne a ciki. Ta haka aka ƙirga manyan girgiza aƙalla 22 cikin kimanin shekara 6,000 a tsakiyar tsagar. Sashen da ke kusa da Salt Lake City yakan motsa kusan duk shekara 1,300, kuma rabonsa da babban motsi ya kai kimanin haka. A watan Maris na 2020 wata matsakaiciya mai ƙarfin 5.7 ta girgiza garin Magna da ke yammacin birnin. Babbar da Gilbert ya yi gargaɗi a kanta ba ta zo ba tukuna.