Baba Mutuniyar Karo

An haifi marigayiya Baba a Karo, kusa da Zarewa, wajen shekarar 1877. Kakanninta Barebari ne. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malami, danginsu kuwa suna da rinjin bayi. Ta tashi a zamanin da mahara ke kama mutane a gona, ta kuma ga zuwan Turawa. Ta yi aure sau huɗu, amma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta ba Mary Smith labarinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Ba ta ga littafin ba, domin ta rasu a 1951.