Georg Ohm: Ɗan maƙerin da ya gano ma'aunin turjiyar wutar lantarki

Duk wanda ya taɓa duba mitar da masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke aiki da ita, zai ga wata alama mai kama da kofaton doki: Ω. Alamar tana wakiltar sunan wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Simon Ohm, wanda ya shafe shekaru 14 yana jiran duniya ta yarda da abin da ya gano.

An haife shi ranar 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen na ƙasar Jamus ta yau. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makulli ne da ya koya wa kansa lissafi, sannan ya zaunar da 'ya'yansa, Georg da ƙanensa Martin, ya karantar da su. Mahaifiyarsu ta rasu Georg yana ɗan shekara 10.

A 1805 ya shiga Jami'ar Erlangen, amma sharholiyar ƙuruciya ta ɗauke masa hankali, har mahaifin ya fusata ya tura shi Suwizalan, inda ya zama malamin lissafi. Ya dawo ya sami digirin digirgir a 1811, ya koyar a Bamberg, kana a 1817 ya koma wata makarantar sakandare a birnin Kolon mai ɗakin gwaje-gwaje na kirki.

A wancan zamani masana sun san wuta tana bi ta waya, sai dai babu tabbatacciyar ƙa'idar da ke faɗin yawan da za ta bi. Batiran lokacin ƙarfinsu hawa da sauka yake yi, don haka awo ba ya tsayawa. Sai Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami wuta mai ƙarfi tsayayye. Ya riƙa sauya wayoyi masu tsawo daban-daban, yana lura da karkatar allurar maganaɗisu. A 1827 ya wallafa sakamakon cikin littafi a birnin Balin.

Manomin rani zai fahimci ƙa'idar da sauƙi, domin tamkar ruwa ce a cikin tiyo. Akwai turin da ke ingiza wutar, ana auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Akwai kuma turjiyar da waya ko na'ura ke yi, wadda ake aunawa da om. Idan aka raba bolt da amfiya, an sami turjiya. Idan kuwa aka ninka bolt da amfiya, an sami ƙarfin aikin na'ura, wanda ake aunawa da wat, sunan da aka ɗauko daga James Watt.

Misali, ƙwan fitilar da ke jan amfiya 2 daga batir mai bolt 12, turjiyarsa om 6 ce, ƙarfinsa wat 24. Dutsen guga mai jan amfiya 5 a wutar gida mai bolt 230, turjiyarsa om 46 ce, yana cin wat 1,150.

Ohm ya kuma tabbatar da cewa turjiya tana ƙaruwa idan waya ta yi tsawo ko ta yi siriri. A nan ne darasin ya shafi aljihun manoman Kafur, Malumfashi da Funtuwa masu ban ruwa da famfon sola. A ce famfo mai bolt 24 yana jan amfiya 5 ta siririyar waya mai turjiyar om 1. Bolt 5 zai salwanta a hanya, 19 kacal zai isa famfon, wat 25 kuma ya zama zafi a jikin wayar. Araha ba ta ado: ruwa zai ragu a gona, kuma irin wannan zafin ne, idan ya tsananta a wayar gida ko ta shago, ke narkar da roba ya haddasa gobara.

Duk da haka, manyan masanan Jamus sun yi wa littafin riƙon sakainar kashi, saboda da yawansu ba su saba ganin an bayyana lantarki da lissafi ba. Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna a Balin yana 'yan koyarwa da ƙaramin albashi, sai a 1833 ya sami gurbi a kwalejin fasaha ta Nuremberg.

Karramawa ta fara zuwa masa ne daga ƙetare. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. A 1849 aka kira shi Munik, a 1852 kuma ya hau kujerar farfesan kimiyyar fiziks a jami'ar birnin, muƙamin da ya daɗe yana buri. Shekara biyu kacal ya yi a kanta, ya mutu ranar 6 ga Yuli, 1854, yana da shekara 65, bai taɓa aure ba.

A 1881, taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.