Luwi Fastur, Mutumin da Ya Samo Maganin Cizon Mahaukacin Kare

Ya mai karatu, in ka taɓa ganin wanda ciwon haukan kare ya kama, ba za ka manta ba. Ƙishirwa ta dame shi, amma yana tsoron ruwa. Bari ka ji labarin wanda Allah ya buɗe ƙofar taimako ta hannunsa.

An haifi Luwi Fastur a garin Dol, cikin ƙasar Faransa, a shekara ta 1822. Ubansa majemi ne. Luwi ya yi karatu, har ya nuna wa duniya cewa ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su ke kawo cututtuka da yawa. Shi ma ya sha baƙin ciki, gama cikin 'ya'yansa 5, uku sun rasu tun suna yara. A 1868 kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Duk da haka bai bar aiki ba.

Ya ɗauki lakar zomayen da ciwon haukan ya kashe, ya busar da ita har dafin ya yi rauni. Da ita ya yi wa karnuka allura, ciwon kuwa bai kama su ba.

Ran 6 ga Yuli, 1885, wata mace ta kawo ɗanta Yusufu Maista birnin Faris. Shekararsa 9, mahaukacin kare ya cije shi kwana biyu da suka wuce. Ka duba tsaka mai wuya! Fastur ba likita ba ne. In ya ba da maganin yaron ya mutu, laifi a kansa. In ya ƙi, wataƙila ciwon ya kashe yaron. Sai ya yi shawara da likitoci, aka yi wa Yusufu allura 13. Yaron ya rayu, ya girma, har ya yi aikin gadi a gidan bincike mai sunan Fastur, wanda aka buɗe a 1888. Fastur ya rasu a 1895.

To, kai fa? In kana da kare, ka kai shi wurin likitan dabbobi tun yana wata 3. A sake yi masa allura bayan shekara ɗaya, daga nan kuma kowace shekara, ko bayan shekara 3, gwargwadon irin maganin. Ka adana takardar allurar. A wurare da yawa a Amurka ba a rubuta kare a littafin hukuma a ba shi lamba sai an nuna ta.

In kare ya ciji ɗanka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ka kai shi asibiti a ranar. Kada ka jira, gama in alamun ciwon suka fito, da kyar a ga mai tsira.

Ɗan'uwa, haka zunubi ya ke. Yana ɓuya a zuciya, mutum yana tsammani lafiya lau ya ke, ƙarshensa kuwa mutuwa. Yesu Almasihu ya mutu dominka, ya tashi, shi ne maganin. Uwar Yusufu ba ta yi jinkiri ba. Kai ma ka zo wurin Yesu yau.