Ɗaha Husaini: Makahon da Ya Buɗe wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofar Makaranta

An haifi Ɗaha Husaini a shekarar 1889 a wani ƙauye da ke lardin Minya, a ƙasar Masar. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin sukari, ga iyali da yawa, ga albashi kaɗan. Ɗaha shi ne na 7 cikin 'ya'ya 13. Tun yana ƙarami ciwon ido ya kama shi, aka kira wanzami ya yi masa magani, maganin kuwa shi ya ƙarasa makantar da shi. Duk da haka aka sa shi makarantar allo, ya haddace Alƙur'ani tun bai cika shekara 10 ba. A wancan zamani, abin da ake tsammani daga makaho ɗan talaka shi ne ya riƙa tilawa a gidaje da maƙabartu, ana ba shi sadaka.

A shekarar 1902 yayansa ya tafi da shi Alƙahira don ya yi karatu a Azhar. A lokacin nan Masar tana hannun Ingilishi, hanyoyin karatu kuwa biyu ne a birnin. Akwai makarantun gwamnati, inda ake koyar da lissafi da kimiyya da harsunan Turai. Daga nan ake fitowa a zama likita, ko lauya, ko ma'aikacin ofis, amma sai an biya kuɗi, don haka 'ya'yan masu hali ne suka cika su. Akwai kuma Azhar, inda karatu kyauta ne, har ana raba wa ɗalibai gurasa. Nan ne ɗan talaka yake iya sa ƙafa. Ke nan aljihun uba shi ke zaɓa wa yaro makaranta, makaranta kuma ta zaɓa masa sana'a.

Ɗaha ya zauna da yayansa a wani ɗaki a tsohuwar unguwa kusa da masallacin. Sau da yawa abincinsa gurasa ce da baƙar zumar rake. Idan yayan ya fita hira da abokai, sai a bar shi shi kaɗai, ba ya iya ko fita sai da ɗan jagora. Ya sha karatun nahawu da fiƙihu, amma yawan gardamarsa ya haɗa shi da wasu malamai, har aka kayar da shi a jarrabawar ƙarshe.

Sa'arsa ita ce a shekarar 1908 an buɗe Jami'ar Masar a cikin birnin, wadda yanzu ake kira Jami'ar Alƙahira. Ya shiga, ya kuma koyi Faransanci a ajin dare. A 1914 ya sami digirin dakta da bincikensa a kan makahon mawaƙin nan Abul Ala al-Ma'arri, shi ne kuma mutum na farko da jami'ar ta ba wannan digiri. Daga nan aka tura shi Faransa, ya yi wani digirin dakta a Jami'ar Sorbonne a kan Ibn Khaldun. A can ya auri Suzanne Bresseau, wadda ta riƙa karanta masa littattafai.

Da ya komo gida a 1919 sai ya zama malami a jami'a, daga baya shugaban Tsangayar Adabi. Ya goyi bayan karatun mata, Suhair al-Ƙalamawi ma, ɗaya daga cikin matan farko da suka shiga jami'ar a 1929, ɗalibarsa ce. Littafinsa na 1926 a kan waƙoƙin Jahiliyya ya tayar da ƙura ƙwarai, amma wanda ya fi shahara shi ne Al-Ayyam, tarihin rayuwarsa.

Wahalar da ya sha ta tsaya masa a rai. A wani littafi da ya buga a 1938 a kan makomar al'adun Masar, ya nuna cewa ƙasa ba ta samun 'yanci na gaskiya matuƙar yawancin mutanenta jahilai ne. A ganinsa ilimi haƙƙin kowa ne, ba hajar sayarwa ba. Yana mashawarci a Ma'aikatar Ilimi aka soke kuɗin makarantar firamare a 1944. A 1950 ya zama Ministan Ilimi, ya mayar da karatun sakandare da na koyon sana'a kyauta. Masu suka sun ce azuzuwa za su cika, inganci ya ragu, cunkoson kuwa ya auku. Amma 'ya'yan leburori da na manoma da dama ta wannan ƙofa suka bi suka zama malamai da likitoci da injiniyoyi. A 1962 aka mayar da karatun jami'a ma kyauta.

Ɗaha Husaini ya rasu ranar 28 ga Oktoba, 1973. Larabawa sun yi masa laƙabi da Jagoran Adabin Larabci, gidansa da ke Giza kuwa an mayar da shi gidan tarihi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin makarantun gwamnati da Azhar a shekarar 1902?
2. Yaya buɗe Jami'ar Masar ya sauya rayuwar Ɗaha?
3. Me ya yi wa 'ya'yan talakawa da ya zama minista?